Sharhi: Raunin da ido ba ya gani

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har zuwa Difa, ya san yadda al'amari yakan kasance in mota ta faɗi. Kafin ƙura ta lafa mutanen ƙauyen da ke kusa sun sheƙo, kowa da abin da ya iya: wani ya kawo ruwa, wani ya yage rawaninsa ya ɗaure wa mai zubar da jini, wani ya tsaya bakin kwalta yana tsai da motoci. Wannan hali ne na kirki, ba mai kushe shi. Akan ɗauki wanda ya karye da wanda kansa ya fashe a nufi gidan likita da su. Amma sau da yawa akwai mutum guda da yakan miƙe da kansa, ya kakkaɓe rigarsa, ya nemo takalminsa, ya ce shi kam Allah ya kiyaye, ba abin da ya same shi sai ɗan nauyi a ƙirji. Jama'a su yi masa barka da arziki, ya shiga wata mota ya tafi gida. A kan wannan mutumin maganar shafin nan take a yau.

A cikin jikin ɗan Adam akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka wadda ta raba ƙirji da ciki. Likitoci suna ce mata diyafram da Faransanci, a nan kuwa za a kira ta tantanin ƙirji. Mahauta sun san shi sarai, haka ma duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya: shi ne jan naman nan marar kauri, mai farin faifai a tsakiya, wanda sai an yanke shi kafin hannu ya kai ga huhu da zuciya daga wajen tumbi. Siffarsa kamar ƙwarya ce a kife. Bakinsa yana manne da ƙarshen ƙashin ƙirji ta gaba, da haƙarƙari shida na ƙasa a kowane gefe, da ƙashin baya. Huhu biyu da zuciya suna bisansa. Ƙarƙashinsa, hanta tana dama, tumbi da saifa suna hagu, hanji na biye da su. Yana da manyan ƙofofi uku, ɗaya ta hanyar abinci, biyu na manyan jijiyoyin jini, ban da su kuwa rufaffe ne.

Aikinsa aikin zuga-zugi ne a maƙera. In ya ɗaure sai ya sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga huhu. In ya saki sai ya koma sama, iska ta fita. Mutum yana zaune lafiya, tantanin yakan sauka santimita 1 zuwa 2 a kowane numfashi, amma in an ja dogon numfashi yana iya kai santimita 10. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, watau wajen sau 20,000 ke nan a kwana guda, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na iskar da ke shiga lokacin hutu wannan tantani ne ke jawo ta. Da shi ake tari, da shi ake nishin haihuwa, da shi ɗan dako ke tokarewa in zai ɗaga buhun hatsi. Shaƙuwa ma ba wani abu ba ce illa zaburarsa. Duk wannan aiki kuwa, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kamar fatar da baduku ke yanka maɗaurin takalmi da ita.

Abin da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne ƙarfin wannan tantani da iyakar ƙarfinsa. Ba abu guda aka yi shi da shi ba. Gefensa tsoka ce mai miƙewa ta koma, tsakiyarsa kuwa farar jijiya ce mai tauri wadda kusan ba ta miƙewa. Zaren tsokar ya tashi daga tsakiya ya bazu zuwa haƙarƙari kamar tsaikon ɗakin ciyawa, kuma ya fi yarda da ja ta tsawonsa bisa ga ja ta faɗinsa. Har ila yau yana da halin ɗanyar fata: in aka ja ta sannu sai ta bi hannu, in aka fizge ta gaba ɗaya sai ta ƙage, ta ƙi bi, ta yage. Tsakanin ciki da ƙirji kullum akwai bambancin matsi, na ciki ya fi na ƙirji. Likitoci suna auna shi da tsayin ruwa a cikin bututu: a zaman lafiya santimita 7 zuwa 20 ne, in an ja numfashi iyakar ƙarfi yana iya wuce 100. Duk wannan tantanin yana ɗauka, domin a hankali yake zuwa. Karon mota kuwa yana ninka matsin sau da yawa cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Misalin cikin mutum misalin salka ce cike da ruwa. In jaki ya taka ta, ruwan ba ya ƙanƙancewa, sai dai ya nemi wurin fita, kuma ta ɗinkin da ya fi rauni zai fita. Hanta da tumbi da hanji galibinsu ruwa ne. In sitiyari ya daki cikin direba, ko buhuna suka danne wanda ya hau bayan kamyo, gaba akwai tsoka mai kauri, baya akwai ƙashin baya, ƙasa akwai ƙashin ƙugu. Bangon da ya fi kowane rashin kauri shi ne rufin da ke sama. In dukan ta gefe ya zo, haƙarƙari sukan lotsa su murɗa tantanin daga inda yake manne. Wani bincike da aka yi a Amurka a shekarar 1989 ya nuna karo ta gefe ya fi karo ta gaba yaga shi har wajen sau uku. Yagewar takan yi tsawo, sau da yawa santimita 10 ko fiye. Cikin huɗu kuma, wajen uku a hagu suke aukuwa, saboda hanta tana tare dama kamar garkuwa, hagu kuwa akwai wani wuri ta baya wanda tun jariri yana cikin mahaifa shi ne ƙarshen haɗewa, bai kai sauran ƙarfi ba.

Ba mota kaɗai ke jawo wannan ba. Faɗowa daga itace ko daga kan gini, ruftawar bango da damina, ruftawar rijiya ko ramin haƙar zinariya, harbin doki ko raƙumi, kifewar amalanke, duk suna iya yi. Sai kuma wuƙa da mashi da ƙahon sa da harsashi, waɗanda nasu ya fi ban tsoro ta wata fuska, domin hujin da suke bari ƙarami ne, sau da yawa bai kai santimita 2 ba. Mutane da yawa ba su san cewa in an fitar da numfashi tantanin yakan hau har daidai kan nono ba. Saboda haka duk sukar da ta faɗa tsakanin kan nono da ƙarshen haƙarƙari, ta gaba ko ta gefe ko ta baya, tana iya huda shi, ko da bakin raunin bai fi a rufe shi da ɗan yatsa ba.

To, in fata ta yage takan haɗe, in ƙashi ya karye yakan ɗoru, domin ana iya hutar da su. Tantanin ƙirji ba ya hutu, kuma ba a iya ɗaure shi da kara. Kowane numfashi yana buɗe bakin raunin, matsin ciki yana turawa daga ƙasa, ƙirji yana zuƙa daga sama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da farko ɗan kitsen ciki ne zai leƙa ya toshe hujin, shi ya sa mutum yakan ji sauƙi. Daga baya tumbi ya bi, ko babban hanji, ko saifa, su hau cikin ƙirji su danne huhu, wani lokaci har su ture zuciya zuwa gefe. Ranar da hujin ya shaƙe hanjin da ya ratsa ta cikinsa, jini ya daina kai masa, sai ya ruɓe cikin ƴan sa'o'i.

Wannan ba sabon sani ba ne. A shekarar 1579 wani mashahurin likitan fiɗa na ƙasar Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta labarin wani hafsan sojan igwa da aka harba a ƙirji ta hagu. Raunin ya warke a waje, mutumin ya tashi ya ci gaba da harkokinsa. Bayan wata takwas ciwon ciki mai tsanani ya kama shi ya rasu. Da aka buɗe gawar sai aka tarar da babban hanjinsa a cikin ƙirji, ya bi ta wani ɗan huji wanda kan ƙaramin yatsa ne kawai ke shiga. A shekarar 1974 wani likita mai suna Grimes ya kasa tafiyar wannan rauni kashi uku, kuma har yau da wannan rabon ake koyar da ɗalibai: lokacin haɗarin kansa, sa'an nan lokacin ɓuya wanda ke iya ɗaukar watanni ko shekaru, sa'an nan lokacin shaƙewar hanji. Mutumin nan da ya kakkaɓe riga a bakin hanya yana iya kasancewa ya shiga kashi na biyu ke nan, shi da danginsa suna murna.

Gaskiya ita ce raunin ba shi da yawa. Cikin waɗanda suka sha mummunan duka a ciki ko ƙirji, ƴan kaɗan ne cikin ɗari ake samunsu da shi. Mai karatu zai iya cewa, to, don me za a ɓata shafi guda a kansa alhali zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna nan? Dalili biyu ne. Na farko, raunin yana da magani tabbatacce: likitan fiɗa ya buɗe, ya mai da kayan ciki wurinsu, ya ɗinke tantanin da zare mai ƙarfi, kuma wanda aka yi wa haka da wuri galibi yakan koma aikinsa. Mutuwar da ta biyo bayan jinkiri mutuwa ce da aka ga hanyar kauce mata. Na biyu, wuya ne tantanin ya yage shi kaɗai. Dukan da ya isa yaga shi yakan fasa saifa ko hanta, ya karya haƙarƙari ko ƙugu, kuma waɗannan ma a ɓoye suke zubar da jini. Al'adar da za ta ceci mai yagaggen tantani ita ce dai za ta ceci mai fasasshiyar saifa, su kuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Alamun ba su da wuyar riƙewa. Numfashi yakan yi wuya, musamman in mutum ya kwanta rigingine ko ya ci ya ƙoshi. Akan ji ciwo a saman ciki ko ƙasan ƙirji ta hagu. Akan ji ciwo a kafaɗa alhali ba abin da ya taɓa kafaɗar, domin jijiyar da ke motsa tantanin daga wuya ta fito, tushensu ɗaya da jijiyar fatar kafaɗa. Wani yakan ji ƙugin hanji a cikin ƙirjinsa. Wani kuma ya dinga amai bayan cin abinci, ya rame, a yi ta ba shi maganin gyambon ciki ko na tari shekara da shekaru. Mace mai ciki wadda ta taɓa yin haɗari tana bukatar kulawa ta musamman, saboda girman ciki da nishin naƙuda suna ƙara tura kayan ciki sama.

A nan ne ya wajaba a yi wa iyalai magana ba tare da kewaye-kewaye ba. Al'ada ce in an kawo wanda ya faɗi gida a dama masa fura, a gasa masa jiki da ruwan zafi, a kira wanzami ya yi ƙaho don fitar da mataccen jini, a kira maɗori in haƙarƙari na ciwo. Maɗora da wanzamai suna da saninsu, kuma sun daɗe suna yi wa jama'a aiki tun ba a gina gidan likita ko ɗaya ba. Amma hannunsu ba ya kai wa bayan haƙarƙari. Cika tumbin da ya riga ya hau ƙirji da fura ƙara danne huhu ne, ɗaure ƙirji da rawani tamau kuma rage numfashin da ya rage ne. Wanda ya sha duka a ciki ko ƙirji kada a ba shi ci ko sha sai likita ya gan shi, domin in aikin fiɗa ya kama, cikakken tumbi haɗari ne. Maganar ƙaddara kuwa, ba wanda ya musa ta, amma malamai ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba. Batun kuɗin mota da kuɗin hoto gaskiya ne, yana da nauyi a kan talaka. Sai dai wanda ya ƙi biyan kuɗin hoto yau, shi ne zai sai da saniya gobe don aikin da ya fi girma, ba tare da tabbacin komawa gida da majinyacin ba.

Ma'aikatan kiwon lafiya su ma akwai nasu. Majo da ke riƙe da gidan likitan karkara ba shi da na'urar hoto, amma yana da kunne da baki: ya tambayi yadda haɗarin ya auku, inda mutum yake zaune a motar, ta wane gefe aka buge ta, ya saurari ƙirji, ya tura mutum gaba ko da ba ya zubar da jini. Raunin wuƙa a ƙasan ƙirji ba na ɗinkewa a sallama ba ne. A inda akwai hoton radiyo, a tuna cewa hoton farko yana iya ɓoye raunin har a kusan rabin masu shi, don haka tsabtar hoton ranar haɗari ba ta wanke mutum ba, a sake wani bayan ƴan kwanaki. Akwai tsohuwar dabara mai araha: a zura siririn bututu ta hanci zuwa tumbi sa'an nan a ɗauki hoto, in aka ga bututun ya naɗe a cikin ƙirji magana ta ƙare. Akwai kuma kuskuren da littattafan fiɗa ke gargaɗi a kansa, watau a ga tumbi cike da iska a ƙirji a ɗauka huhu ne ya fashe, a soka bututu a huda shi. Na'urar sikana ta fi radiyo gani nesa, amma a manyan asibitoci take, irin na Yamai da Damagaram da Maraɗi, kuma tsakaninsu da wanda ya faɗi a hanyar ƙauye akwai tafiya. Wannan tafiyar ita ce aikin hukuma: motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki, ɗakin fiɗa mai aiki a asibitin gunduma, da jinin da za a ƙara wa mutum.

Duk da haka maganin da ya fi araha a hannun direba yake. Ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi. Buga abu tsayayye da gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, da gudun 100 kuwa daga kusan mita 40. Ba tantanin milimita 3 da aka halitta don wannan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Hukumar ta ce ɗamarar kujera tana rage mutuwar masu zama gaba da kusan rabi. Amma a ɗaura ta daidai: igiyar ƙasa a kan ƙashin ƙugu take zama, in aka bar ta a kan tumbi ita kanta za ta matse cikin ranar karo. Direban da ke rataya ta a kafaɗa in ya hango jandarma, ya sake ta da ya wuce shinge, kansa ya yaudara. Mutum biyu a kujerar mutum ɗaya, yaro a kan cinya a gaba, fasinja bisa lodin albasa ko buhunan wake ranar kasuwa, kowa ya san ana yi, kuma kowa ya san shingaye nawa motar ta wuce kafin ta faɗi. Shugabannin tasha da ƙungiyoyin masu sufuri suna iya hana mota tashi da irin wannan lodi tun daga tasha, in sun so.

Akwai abu guda da ba ya bukatar kasafin kuɗi, kuma masu mulki a jihohi da gundumomi suna iya sa shi aiki da takarda ɗaya. Jandarmomi da ƴan kwana-kwana da suka isa wurin haɗari su rubuta sunan kowa da ke cikin motar, har da masu cewa lafiyarsu lau, su gaya musu a fili su je a duba su a ranar. Gidan likita kuma ya ba kowannensu ƴar takarda mai ɗauke da ranar haɗarin da gefen jikin da ya bugu, da Hausa ko Zabarmanci ko harshen da mutum ke karantawa, ba da Faransanci kaɗai ba. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci a kowane ƙauye su ne za su karanta wa maƙwabtansu ita, su kuma tuna musu da ita. Domin in bayan shekara biyu ko biyar mutum ya zo asibiti da dare yana amai, numfashi na sarƙewa, shi da danginsa sun manta da motar da ta faɗi kusa da Madawa ko Tasawa, likitan da ke gadi zai fara neman cutar a wani wuri dabam. In aka miƙa masa takardar, zai aika a ɗauki hoton ƙirji kafin komai.